Yadda ake koya wa ɗan kwikwiyo kashi da fitsari a wuri guda, da kayan da aikin ke buƙata

Yawancin masu kare a Zariya ba don ado suke ajiye shi ba. Mai gidan kaji a wajen Shika ko Bomo gadi yake nema, haka ma wanda ya tare a sabon gini a bakin unguwa, ko malamin jami'a a Samaru da yakan yi tafiya ya bar iyali. Karen nan ba ɗaki zai shiga ba, a harabar gida zai rayu, shi ya sa mutane da dama suke ganin babu wani abin koya masa: ai waje ne, ya yi inda ya ga dama. To amma wajen nan shi ne tsakar gida, inda ake alwala, ake shimfiɗa tabarma a yi sallah, ake shanyar masara da barkono, yaro mai rarrafe kuma yana kai duk abin da ya tsinta baki. Sau da yawa rijiya ma tana nan. Kwikwiyon da ba a nuna wa wuri ba, ba ya rufa mako biyu sai uwargida ta ce ko ita ko shi.

Ga kuma batun tsarki. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar Zazzau, suna ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya da Hambaliyya kuma sun saɓa musu. Amma a kan kashinsa da fitsarinsa babu wannan saɓani, najasa ne. Saboda haka wanda ya ajiye kare a gidan da ake sallah, dole ya san inda karen ke tsugunawa.

Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne kwikwiyo ba ya son ɓata inda yake kwana. Tun yana ɗan mako 3 yake fara jan jiki ya bar shimfiɗar uwarsa in zai yi fitsari. Wajen mako 7 zuwa 9 kuma yake sabawa da irin ƙasar da yake ji a tafin ƙafarsa lokacin da yake yi, ko yashi ce, ko siminti, ko ciyawa, kuma irinta zai ci gaba da nema. Abin da ke wahalar da aikin kuwa mafitsararsa ce, ƙarama ce kuma bai iya riƙe ta ba tukuna. Lissafin da masu kiwon karnuka ke yi shi ne a ƙara 1 a kan watanninsa: ɗan wata 2 ba ya wuce awa 3, ɗan wata 3 awa 4, wannan ma in yana kwance ne. In yana wasa, rabin awa ya ishe shi. Duk kayan da zan lissafa aiki biyu suke yi, su hana shi samun damar yi a inda bai dace ba, su kuma sa ka kai shi inda ya dace a daidai lokacin da ya matsu. Bulala ba ta cikinsu.

Fara da wurin, tun bai iso ba

Zagaya gidanka bayan an ɗauke ruwan sama, ko ka tuna inda ruwa ke bi da damina. Wurin da kake nema yana can ƙarshen gangare, inda ruwan da ya wanke shi zai fice ba tare da ya ratsa tsakar gida ko ya nufi rijiya ba. Ya yi nesa da madafa da wurin wanke-wanke da inda yara ke wasa, amma kada nisan ya kai wanda za ka yi ƙyuyar zuwa da ƙarfe 2 na dare. Lungun bayan gida kusa da banɗaki yakan dace a yawancin gidaje.

Auna kamar ƙafa 4 a kan ƙafa 4, in babban iri ne kamar Alseshan ka ƙara. Jera bulo a kewaye, zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya riƙa tsanewa, sannan yashi kaurin inci 3 ko 4 a sama. Yashin gini mai tsabta nake nufi, wanda aka baza a rana ya sha zafi. Kada ka ɗebo na bakin hanya ko na bola inda karnukan unguwa ke yawo, domin ƙwayar cutar fabo, wadda ke sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini, tana iya yin watanni da rai a ƙasa. Garin katako da ake samu arha wurin 'yan katako yana tsotse fitsari, amma kwikwiyo yakan ci, da damina kuma ya jiƙe ya yi ɗoyi. Yashi ya fi.

Ka kafa wa gefe guda ɗan rufi da fallen kwano. Da rani za ka ga kamar ɓata kuɗi ne. Ranar da ruwan Agusta ya wuni yana zuba, kwikwiyo ya leƙa ya ga taɓo ya juya ya tsuguna a baranda, za ka gane amfaninsa.

A nan kusa ka rataye kayan kwasa, waɗanda ba za a ƙara amfani da su a wani aiki ba: ƙaramin shebur ko faka, tsintsiya, bokiti mai murfi, ledoji, safar hannu ta roba, da gwangwanin toka. Ka ɗaura musu jan ƙyalle don kada wata yarinya ta ɗauki tsintsiyar ta share ɗaki.

Keji

Wannan shi ne kayan da ya fi kowanne aiki, kuma shi aka fi yi wa mummunan amfani. Ba sai ka sayi na kanti ba. Mai walda ko kafinta a Sabon Gari ko Tudun Wada zai haɗa maka, muddin ka ba shi awo. Ƙa'idar ita ce kwikwiyo ya iya miƙewa tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Kada ya wuce haka. In kejin ya yi faɗi, sai ya mai da kusurwa ɗaya makwanci, ɗaya kuma masai, shi ke nan ka rasa abin da kake taƙama da shi. Tunda kwikwiyo girma yake kullum, ka sa a yi kejin daidai girman da zai kai, wato tsawon inci 36 ga karen gida matsakaici, inci 42 ga irin Alseshan, sannan a yi allon katako da za a raba cikin da shi, ana matsar da shi baya yayin da yake girma.

Ka ce wa mai aikin: "Malam, ƙasan kada ka sa waya, katako nake so ko faranti da za a iya zarewa a wanke, kuma ka goge bakin ƙarfen kada ya yanke shi." Waya tana cin tafin ƙafar kwikwiyo, kuma kejin da kashi ke zubewa ta ƙasa koya masa yake ya yi a inda yake kwance. A ɗaga shi kaɗan daga ƙasa saboda ruwa da cinnaka. Gefe uku su zama sanduna ko raga don iska.

Inda za a ajiye shi ya danganta da lokaci. A Maris da Afrilu, da zafin Zariya ke haura digiri 35, kejin ƙarfe a rana yana iya kashe kwikwiyo cikin ɗan lokaci, don haka inuwa mai iska kawai, da ruwan sha a ciki. A sanyin Disamba da Janairu kuma a rufa masa buhu ko tsohon bargo ta gefen da iska ke kaɗawa, a shimfiɗa kwali da tsumma. Kwikwiyon da sanyi ya dama ba ya barci, wanda bai yi barci ba kuwa fitsari zai yi ta yi. Da dare kejin ya kasance inda wani zai ji kukansa, ƙarƙashin taga ko kusa da ɗakin maigadi.

Kada ka jefa shi ciki ka rufe a ranar farko. Bar ƙofar a buɗe, ajiye kwanon abincinsa a ciki, ya shiga da ƙafarsa ya ci ya fito. Bayan ci biyu ko uku ka rufe na minti 5 kana zaune kusa, ka ƙara lokacin sannu a hankali. Keji makwanci ne na 'yan awoyi tsakanin fita da fita. Akwai masu kulle kare wuni guda wai don ya yi zafi. Abin da suke samu kare ne mai kwana cikin kashinsa, mai tsoron kowa, wanda in ya kuɓuce bai san ɗan gida da baƙo ba. Haka ma ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a gindin bishiya dare da rana: tilas ya yi a inda yake, har ƙyamar abin ta fita daga ransa, kuma mayar da ita aiki ne ja.

In dole kowa zai fita ya daɗe fiye da yadda kwikwiyon zai iya riƙewa, ka killace masa ɗan fili da ragar gidan kaji wanda ya haɗa kejin a buɗe da wurin yashin. Ya kwana a can, ya yi a nan.

Ƙananan kayan da ke aljihu

Igiya mara nauyi mai tsawon mita 2, da bel ɗin wuya mai laushi wanda yatsunka biyu za su shige tsakaninsa da wuyan. Ka riƙa dubawa duk mako, domin wuyan kwikwiyo yana kauri da sauri. Amfanin igiyar shi ne ta tsayar da shi a kan yashin, in ba haka ba yana fita zai bi kaza ko ganye ya manta abin da ya kawo shi.

Tukuici: dafaffiyar hanta ko tsokar kaza, ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, a zuba a ɗan gwangwani mai murfi. Hanta kaɗan ake bayarwa, in ta yi yawa tana sa zawo. Kada ka ba shi tsire ko kilishi, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ƙashin kaza dafaffe kuma yana tsagewa ya soke hanji.

Tocila mai haske sosai. Lungun bayan gida da dare wurin kunama ne, da damina har maciji, kuma kana buƙatar ganin ko ya yi ko bai yi ba. Sai wayarka, don ƙararrawar tashi, da takarda da biro a manne a bango kusa da keji. Duk wanda ya fitar da shi ya rubuta lokaci da abin da ya yi. Mutane suna raina takardar nan, alhali bayan kwana 3 ko 4 ita za ta nuna maka cewa kwikwiyonka yakan yi kashi minti kaza bayan cin abinci, kuma ita ke kashe gardamar "ai na ɗauka Yaya ya fitar da shi."

Ainihin aikin

Kada ka karɓi kwikwiyo bai kai mako 8 ba. Masu sayarwa sukan raba shi da uwa tun yana ɗan wata guda, irin wannan kuwa bai iya riƙe komai ba, ga saurin kamuwa da ciwo. Ranar da ka kawo shi, kafin yara su yanyame shi, wuce da shi kai tsaye kan yashin. Ya sha hanya, a matse yake, akwai yiwuwar fitsarinsa na farko a gidanka ya sauka inda kake so.

Daga nan kowace fita iri ɗaya ce. Ka buɗe keji, ka sa igiya, ku bi hanya ɗaya zuwa wuri ɗaya. A makon farko ɗaukarsa za ka yi in ya tashi daga barci, don in ka bar shi ya taka, a rabin hanya zai tsuguna. Kuna isa ka tsaya cik, ba wasa, ba surutu. Bar shi ya shinshina ya zagaya. Da ya fara tsugunawa ka faɗi kalma ɗaya a hankali, misali "yi maza", kuma kowa a gidan ita zai riƙa faɗa. Yana gamawa, a nan take, kafin ya ɗaga ƙafa ya bar yashin, ka ce "yauwa!" da fara'a ka sa masa tukuici a baki. Daƙiƙa 2 ko 3 kake da su. In ka bari sai kun dawo baranda, a ganinsa ladan dawowa baranda ka ba shi.

Bayan ya yi, sake shi ya yi wasa na minti 15 zuwa 20 kana kallonsa. Wannan ma lada ne. In kullum yana gamawa ka mayar da shi keji, zai gane cewa tsugunawa ce ke kawo ƙarshen yawo, sai ya riƙa ja maka rai. In kuwa kun yi minti 5 bai yi komai ba, mayar da shi keji ba faɗa, ka sake fito da shi bayan minti 15. Kada ka sake shi a tsakar gida da cikakkiyar mafitsara, nan ne yawancin ɓarna ke faruwa.

Lokutan fita su ne da ya farka daga kowane barci, bayan cin abinci da minti 5 zuwa 30, bayan ya sha ruwa da yawa, bayan wasa, da kuma kafin kwanciyar dare. Tsakanin waɗannan, ɗan wata 2 a fitar da shi duk awa 1 zuwa 2 da rana. Kiran sallah yana taimakawa wajen tunawa: ka fitar da shi kafin asuba, azahar, la'asar, magariba da isha, ka dawo ka wanke hannu da sabulu sannan ka yi alwala. Amma daga asuba zuwa azahar rata ce mai tsawo, sai an cike ta da fita uku ko huɗu, da hantsi da walaha. In ya kai wata 5 ko 6, lokutan sallar nan biyar da ƙarin fita ɗaya da hantsi sun kusa wadatarwa.

Abinci shi ke saita cikin. Ɗan wata 2 zuwa 3 ya ci sau 4 a rana, daga nan sau 3 har wata 6, sannan sau 2, kullum a lokaci ɗaya. Ajiye kwanon minti 15, ka ɗauke ko ya cinye ko bai cinye ba. Kwikwiyon da ake jefa wa loma duk lokacin da wani ya ci tuwo, ba mai iya sanin yaushe zai yi kashi. Madarar shanu da miya mai yaji da mai suna sa yawancinsu zawo, mai zawo kuwa ba ya koyuwa. In za ka sauya masa abinci, ka riƙa garwaya sabon da tsohon na kwana 5 zuwa 7. Na dare ya ci kafin magariba. Ruwan sha ana iya ɗauke shi awa 2 kafin barci a lokacin sanyi, amma da bazara kada ka kuskura.

Sauran aikin ido ne, irin na uwar da ke koya wa ɗanta zama a fo, wadda tun yaro bai yi magana ba ta gane daga yanayinsa. Kwikwiyo in ya matsu yakan bar wasa farat ɗaya, ya kafa hanci a ƙasa, ya fara zagaye, ko ya nufi lungu, ko ya yi ɗan kuka. Kana ganin haka ka sure shi. A makonnin farko hali uku kawai aka yarda ya kasance a ciki: yana keji, yana kan yashi, ko yana gaban idon wani babba. In aiki ya sha kanka, ɗaura igiyarsa a ƙafar kujerar da kake zaune.

Mutum ɗaya ya zama mai alhakin abin. Yara 'yan shekara 10 zuwa sama za su iya karɓar fitar la'asar, amma a nuna musu a aikace, kuma kwasar kashi ta manya ce. In maigadi ne zai riƙe dare, ka zauna da shi ka yi masa bayani: "Baba, in ya yi kuka a buɗe masa a kai shi can, in ya yi a ba shi wannan. Don Allah ko ya ɓata wuri kada a doke shi, a faɗa mini kawai." Ka kuma san cewa ƙarin aiki ka ɗora masa, ka kyautata.

Da dare

Fita ta ƙarshe wajen ƙarfe 10 ko 11. Ɗan wata 2 zai buƙaci fita sau ɗaya ko biyu kafin asuba, don haka sa ƙararrawa wajen ƙarfe 2, ka riga shi tashi. Fitar dare ba hira ba wasa, a yi a koma. Duk bayan 'yan kwanaki ka matsar da ƙararrawar gaba da minti 20 ko 30, har ta haɗe da asuba. Yawancinsu suna kaiwa nan a wata 4. In ya yi kuka alhali yanzu ya dawo daga yi, kewa ce, ka bari ya yi shiru kafin ka kula shi.

In ya ɓata wuri

Zai ɓata, ba sau ɗaya ba. In ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya don ya katse, ɗauke shi zuwa yashi, in ya ƙarasa a can ka ba shi tukuicinsa cikakke. In kuwa tarar da abin ka yi, ko da minti 1 ne da yi, babu sauran magana da shi. Dangwara masa hanci a ciki ko zabga masa tsumagiya ba ya sa ya haɗa dukan da abin da ya wuce. Abin da zai koya shi ne tsugunawa a gaban mutum haɗari ne, sai ya koma yi a bayan tukunyar ruwa ko ƙarƙashin mota, ka kai shi yashi kuma ya ƙi yi kana tsaye. Sunkuyar da kai da yake in ka daka tsawa tsoronka ne, ba nadama ba.

Wankin wurin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin kare hancinsa ke kai shi inda ya taɓa yi, kuma siminti yana shan fitsari ya riƙe zarnin da kai ba ka ji. Fara tsane fitsarin da tsumma ko takarda, kada ka watsa ruwa ya bazu. Wanke da omo da buroshi, ɗauraye da ruwa mai yawa har launi da wari su gushe, wanda shi ne kuma abin da tsarki ke nema. Sannan zuba farin binega da aka haɗa da ruwa rabi da rabi, bar shi minti 10, tsane, barbaɗa bekin soda, farin garin nan da ake sawa a kek, in ta bushe ka share. Shagunan kayan dabbobi wani lokaci suna da ruwan wanki na musamman mai narkar da fitsarin dabba, in ka samu ya fi binega, musamman a kan kafet. Tabarma da darduma a wanke a shanya a rana.

Kada ka yi amfani da abin wanki mai sinadarin amoniya, warinsa ya yi kama da na fitsari, kiran kwikwiyon yake ya dawo. Bilic kamar Hypo ko Jik yana kashe ƙwayoyin cuta, har da fabo, in aka haɗa kashi 1 da ruwa kashi 30 aka bar shi minti 10 a wurin da aka riga aka wanke. Amma kada a zuba shi a kan ɗanyen fitsari, kada kuma a haɗa shi da binega, hayaƙin da ke tashi yana illa ga huhu. Izal da makamantansa suna ƙona tafin ƙafa da bakin kwikwiyo in ya lasa, sai an ɗauraye wurin ya bushe kafin ya taka.

Tsumman da ka tsane fitsarin da shi kada ka yar duka. Yanki ɗan ƙyalle ka binne a saman yashin. Warinsa zai riƙa jawo shi wurin. Shi ne aikin da feshin jawo kwikwiyo da ake sayarwa a kanti yake yi, ga shi kyauta.

Shi kansa yashin a kwashe kashi kullum, safe da yamma, don kare ba ya son taka wurin da ya cika. Akwai kuma dalilin lafiya. Ƙwan tsutsar cikin kare yana buƙatar mako 2 zuwa 4 a ƙasa kafin ya iya kama mutum, kuma yara masu wasa da ƙasa ya fi kamawa, don haka kwasar kullum tana katse shi. A zuba kashin a masai ba tare da leda ba, ko a binne shi da zurfi nesa da rijiya. Kada a tura shi kwata ya fita wa maƙwabta, kada kuma a sa shi a takin lambun alayyafo da latas. Toka tana rage ƙuda da wari amma ba ta kashe ƙwan tsutsa. Saman yashin a kwashe a sabunta duk 'yan makonni.

Kayan kanti da za ka gani a intanet

Akwai shimfiɗar tsotse fitsari da ake yi don 'yan kwikwiyo, irin wadda ake sa wa majinyata a gado. A ganina mai tsakar gida ba ya buƙatarta. Tana koya wa kwikwiyo cewa abu mai laushi da aka shimfiɗa a ƙasa wurin fitsari ne, a gidan da ke da darduma kuwa ka san inda wannan zai kai. Wanda take wa amfani shi ne mai zama a bene, ko mai ƙaramin kare irin Lasa, ko gidan haya da wasu karnuka ke shiga alhali kwikwiyon bai gama rigakafi ba. Ko a nan ma na fi son faffaɗan daro ko tire da aka cika da yashi, domin ranar da za a koma waje ƙafarsa ta riga ta san yashi. Ƙararrawar da ake ratayewa a ƙofa don kare ya kaɗa in ya matsu ta masu kare a ɗaki ce. Abin ƙyas-ƙyas da masu horo ke latsawa don kare ya san ya yi daidai kuwa, "yauwa" ɗinka ta wadatar in kana faɗinta a kan lokaci.

Sakin igiya

In ya yi mako 2 cur bai ɓata ko'ina ba, ƙara masa fili kaɗan, misali daga bayan gida zuwa gefen baranda, ka riƙa barinsa ya taka zuwa yashin da kansa kana biye. In ya sake yin mako 2, ƙara. In ya yi kuskure sau biyu a jere, koma matakin baya na 'yan kwanaki. Tukuici kuma a fara tsallakewa, yau a bayar gobe yabo kawai, amma sai bayan ya kai wata guda yana daidai. Yawancin karnuka suna zama abin dogaro tsakanin wata 4 da 6, wasu sai sun kusa shekara. Wuraren da ba ka so ya taka ko kaɗan, kamar inda ake sallah da bakin madafa, ka tare su da ɗan allo ko raga tun farko.

Ka sa ran koma baya a farkon damina, da lokacin tafiya ko sauya gida, da kuma Babbar Sallah, ranar da baƙi suka cika gida, kowa na jefa masa kitse da kayan ciki, ba mai tuna lokacin fitarsa. A ranakun layya gara ya zauna a killace da abincinsa na kullum. Wani kwikwiyon kuma yakan ɗiga fitsari in ya ga maigida ya dawo, don murna ko tsoro. Wannan ba rashin horo ba ne, faɗa ma ƙara shi yake. A daina yi masa gaisuwa mai hayaniya, a tsuguna a gefe a bar shi ya zo da kansa, yawanci yana bari in ya girma. Namiji daga wata 6 zuwa sama zai fara ɗaga ƙafa yana yi wa bango da tayar mota alama. Kafa masa guntun turke a tsakiyar yashin, ka ba shi tukuici in ya yi a jikinsa.

Wani lokaci matsalar ba ta horo ba ce. Kwikwiyon da ke tsugunawa kowane ɗan lokaci yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ko yana yunƙuri da kuka, ko fitsarin da jini, ko yana shan ruwa fiye da kima, likita yake buƙata. Haka wanda cikinsa ya kumbura ko ake ganin tsutsa a kashinsa. Maganin tsutsa ana ba da shi duk mako 2 har ya kai wata 3, sannan duk wata har wata 6, gwargwadon nauyinsa. Allurar rigakafin fabo da sauran cututtukan 'yan kwikwiyo tana farawa a mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har wajen mako 16, ta haukan kare kuma a wata 3. Kafin ya gama su kada ya fita titi. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, akwai kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu a gari. In ka ga amai da zawo mai jini da ƙarni, ga kwikwiyo ya ƙi abinci ya lafke, kai shi a ranar, kada ka jira gobe, ka tafi da takardar nan ta bango don likita ya ga lokacin da abin ya fara.